Makin juriya da 'ya'yan ƙetaren kogi

Da zarar zangon karatu na biyu ya kankama, takardun tambayoyi kan fara yawo a makarantun sakandare na wannan ƙetaren kogin Kaduna. Yawancinsu ɗaliban manyan makarantu ne ke kawowa, masu neman kammala binciken ƙarshen karatu. Wani lokacin kuma ma'aikatan ƙungiyoyi ne, da rigunansu masu tambari da motarsu a bakin ƙofa. Shugaban makaranta ya sa hannu, a ari darasi guda a hannun malami, a raba takardu. Yaro ya karanta jimla, ya zaɓi ɗaya: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A tattara a zuba a jaka. A 'yan shekarun nan abu biyu aka fi tambaya. Na farko juriya, wato yadda matashi ke miƙewa bayan masifa ta kayar da shi. Na biyu asali, wato yadda ya ɗauki kansa da ƙabilarsa da addininsa.

Ni malamin makaranta ne, haifaffen Kakuri, kuma ban da darasin da nake koyarwa na daɗe ina riƙe da ofishin ba ɗalibai shawara. Ba na cikin masu cewa a kori waɗannan takardu. Jayayyata a wuri ɗaya take: takardun da aka fi kawo mana cikin yaro suke leƙawa suna neman juriya a can, alhali a unguwanninmu abin da ke tsayar da yaro da ƙafafunsa galibi a wajensa yake, a hannun gwaggo, a tukunyar maƙwabciya, a aljihun mai gidan da yake koyon sana'a. Idan aka auna cikin aka bar wajen, makin da zai fito yakan zama hujjar barin yaro da kayansa.

Takardar tambayoyi ta taɓa yi mana rana a garin nan, ban manta ba. Bayan rikicin zaɓen Afrilun 2011, mutanen da aka raba da gidajensu a kudancin jihar sun daɗe a sansanin alhazai na Mando. Likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ƙarƙashin jagorancin Dakta Taiwo Lateef Sheikh, suka je da takardunsu suka zauna da manya 258. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna kashi 42 cikin 100 na ɗauke da ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i, mai zuwa da mugun mafarki da zabura da rashin barci. Ba don wannan lissafi ba, da an ci gaba da cewa ai an ba su shinkafa da tabarma, magana ta ƙare. Ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, dole ta nemi hanyar gane wanda ya fi bukatar a gan shi da wuri. Takarda mai kyau tana yin wannan aikin.

Sai dai duk matar da ke awo a kasuwar Kakuri ko ta Sabon Tasha ta san mudun wani gari ba na wani ba ne, kuma ba ta biya sai ta ga mudun da idonta. Mu ma mu dubi namu. Wanda na fi gani a hannun masu bincike shi ne ma'aunin Kathryn Connor da Jonathan Davidson na Jami'ar Duke a Amurka, wanda suka fitar a 2003. Jimloli 25 ne, kowace da maki daga 0 zuwa 4, cikakken maki 100. A 2007 wasu masana suka taƙaita shi zuwa jimloli 10, kuma gajeren ne ya fi karɓuwa domin ba ya cin lokaci. Na ajiye su gefe da gefe na duba abin da ya zube a hanya. Tambayar ko kana da wani na kusa da kake jingina da shi ta fita. Ta ko ka san inda za ka nufa neman taimako ta fita. Ta ko kana ganin Allah ko ƙaddara na iya agaza maka ita ma ta fita. Abin da ya rage duk a kan mutum ne shi kaɗai: ko yana iya sabawa da sauyi, ko yana riƙe hankalinsa cikin matsi, ko yana ɗaukar kansa ƙaƙƙarfa. Abubuwa ukun da aka cire su ne farkon abin da kowace uwa a Makera ko Narayi za ta ambata in ka tambaye ta yadda ɗanta ya tsallake baƙar shekara.

Ɗayan da ake yawan kawowa na Gail Wagnild ne da Heather Young, na 1993. Tushensa hira ce da aka yi da tsofaffin mata 24 a Amurka waɗanda suka farfaɗo bayan babban rashi. Daga bakinsu aka tsamo ginshiƙansa, ciki har da dogaro da kai, da yarda cewa kowa tafiyarsa shi kaɗai yake yi. Ba na raina hikimar waɗancan tsofaffi. Amma a ɗauki yarinya 'yar shekara 15 a Unguwar Romi, wadda ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta huɗu, a tambaye ta ko ta fi dogaro da kanta fiye da kowa. In ta ce a'a, makinta ya sauka. A gidansu kuwa, yarinyar da ta ce ta fi dogaro da kanta fiye da uwarta, ita ce za a fara yi wa addu'a.

An gwada wannan ma'auni a Arewa, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka yi. A 2011 likitoci biyu, Tajudeen Abiola da Owoidoho Udofia, suka buga gwajin da suka yi masa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suka samu yana aiki daidai gwargwado. Waɗanda suka cike takardar ɗaliban likitanci ne su 70. Wanda ya kai ajin asibiti a karatun likita ya riga ya haye siraɗin jarrabawa iri-iri, Turanci ya zauna a bakinsa. Tsakaninsa da ɗan aji uku a makarantar gwamnati ta unguwar Nasarawa a nan Kaduna akwai tafiya, kuma wannan tafiyar ce masu kawo mana takarda ke tsallakewa da jimla ɗaya: ai an riga an gwada shi a Nijeriya.

Ga kuma yadda ake cikewa, wanda sai mai tsayuwa a gaban aji ke gani. Yaron da ya tashi a hannun jarrabawa, duk takardar da aka miƙa masa a aji jarrabawa ce, kuma kowace jarrabawa tana da amsar da malam ke so. Na sha ganin ɗalibi ya leƙa ta maƙwabcinsa, ko ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wanne ne daidai?” Wani kuma, Turancin ne ya ɗaure shi, ya ji nauyin tambaya, ya bi layi ɗaya har ƙasa. Sannan ga tarbiyya. An koya wa 'ya'yanmu, Musulmi da Kirista, cewa in babba ya tambaye ka ya gida, amsa ita ce lafiya lau, mun gode Allah. Kai kukan halin da ake ciki gaban baƙo tonon asirin gida ne. Yarinyar da aka raina da kunya, in aka ce ta sa alama cewa ita ƙaƙƙarfa ce, sai ta tuna an ce yabon kai jahilci, ta zaɓi tsakiya. Namijin da aka yi ta gaya wa namiji ba ya kuka kuwa zai cike “na yarda ƙwarai” daga sama har ƙasa.

Ni ma nakan yi amfani da gajeren ma'aunin a ofishina don buɗe hira, kuma ɗalibai biyu sun tsaya mini a rai. Ɗaya yaro ne maraya, shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa da tuƙin keke mai ƙafa uku bayan an tashi makaranta. Makinsa ya kusa cika. Bai yi ƙarya ba ko a jimla ɗaya: yana sabawa da sauyi, ba ya karaya, yana ɗaukar duk abin da ya zo. Sai da hira ta yi nisa na gane da ƙwaya yake riƙe idonsa har tsakar dare, kuma babu babba ko ɗaya da ya san haka. Ɗayar yarinya ce da makinta ya yi ƙasa. Ta ce ita mai saurin kuka ce, ba ta iya fuskantar komai ita kaɗai. Amma tana da ƙanwar uwa da ke duba littattafanta duk Lahadi, zumuntar matan cocinsu ta haɗa mata kuɗin jarrabawar fita, shugabar mawaƙansu ta san ranar da ba ta ci abinci ba. Yarinyar ta gama ta wuce gaba. Yaron bai kai ƙarshen shekara a makaranta ba, kuma har yau ina jin ciwon abin. Da takarda kaɗai aka bi, ita za a kira ofis, shi a sallame shi da yabo.

Wannan yabon ne ke ba ni tsoro. Ranar 20 ga Afrilun 2021 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield a hanyar Abuja, aka kashe biyar daga cikinsu. Ranar 5 ga Yuli na shekarar aka shiga makarantar Bethel Baptist a hanyar Kachia aka tafi da yara 121, na ƙarshensu bai ga gida ba sai a ƙarshen 2023. Duka a ƙaramar hukumar Chikun ne, nan bayan gidanmu. Ajinmu cike yake da waɗanda suka san wani a cikinsu, da waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukan Chikun da Kajuru suka raɓe a Maraban Rido da Sabon Tasha. Duk sanda irin wannan ta faru, za ka ji manya a taro suna cewa yaranmu masu juriya ne. Gaskiya ne. Amma maganar tana da daɗin faɗa ga wanda ake bi bashin tsaro da makaranta da magani, domin ta mayar da nauyin kan yaro. In aka ƙara mata lamba, aka ce ga bincike ya nuna, sai ta zama takardar sallama. Mai haƙuri yakan dafa dutse, haka ne, amma ba a ce don haka a riƙa miƙa wa yara duwatsu ba.

Abin mamaki, binciken da ya kafa wannan fanni tun farko bai ce juriya a cikin ƙirjin yaro kaɗai take ba. Emmy Werner da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da gidaje masu rigima ko ciwo. A cikin waɗannan, kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya ƙalau. Da aka duba me ya raba su da sauran, an ga halin yaron yana da nasa rabo, amma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da gaske, kaka ko malami ko maƙwabci ko jagoran wurin ibada. Werner ba ta gano haka da takardar minti goma ba. Shekaru ta yi tana komawa gidajen.

Mu 'yan Kakuri mun san wannan ba tare da littafi ba. Mahaifina ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun nan ne. An buɗe masaƙar KTL a 1957 zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Jiniyar canjin aiki ce agogonmu, kekunan ma'aikata su cika titi har ka rasa wurin tsallakawa. A gidan hayar da na tashi akwai Bahaushe da Bajju da Igala da Tibi da Banufe, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. In uwarka ta kwanta asibiti, ɗakin da ke kusa ne zai ciyar da kai, ba a tambayi wace alƙibla kake kallo ba. In ka yi rashin ji a layi, duk baban da ya gan ka babanka ne. Akwai albashin ƙarshen wata, akwai adashin mata, akwai ƙungiyar ma'aikata. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta tsaya a 2007, gine-ginen suka zama kufai. Ban yarda cewa mu mun fi yaran yau ƙarfin zuciya ba. Mun fi su yawan hannayen da ke tallafe da mu, kuma babu jimla ko ɗaya a gajeren ma'aunin nan da za ta iya nuna wannan rashi.

Akwai ma'aunin da ya fi kusa da gaskiyarmu. Michael Ungar da Linda Liebenberg na Jami'ar Dalhousie a Kanada sun gina nasu da matasa 1,451 a wurare 14 cikin ƙasashe 11, har da Gambiya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma mutanen kowane wuri sun sa baki a tambayoyin. Shi yana tambaya ko akwai abinci in ka ji yunwa, ko masu riƙonka sun san halin da kake ciki, ko ana yi maka adalci a unguwarku, ko kana jin makarantarku taka ce, ko imaninka na ƙarfafa ka. In makin yaro ya yi ƙasa a nan, yatsa ba shi yake nunawa ba. Yana nuna tukunya da makaranta da hukuma, kuma kowannensu akwai wanda za a je a tambaya. Da ni ke ba da izinin shiga aji, da wannan zan fara nema a jakar mai bincike.

Batun asali ya fi wannan ƙaya. Ma'aunin da aka fi sani na Jean Phinney ne, na 1992, wanda ta gina da ɗaliban sakandare da na jami'a a Kalifoniya. Cikin abin da yake aunawa akwai abu biyu: ko matashi ya binciki tarihi da al'adun ƙabilarsa, da kuma yadda yake jin shi nata ne. A can, inda tsiraru ke neman tsayawa da mutuncinsu a tsakiyar masu rinjaye, babban maki alamar lafiya ce. A nan tambayar farko ma, wace ƙabila ce kai, tana iya cin rabin darasi. Ina da ɗalibai da ubansu Idoma ne, uwarsu Atyap, an haife su a Kakuri, Hausa ce harshen wasansu da na faɗansu, da ita ake wa'azi a cocinsu, garin uban kuwa sai a biki ko jana'iza. Ina da Musulmi 'yan Gbagyi da Adara da kowa ke kira Hausawa saboda hula. Garin nan jirgin ƙasa da bariki da masaƙa ne suka tara shi tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, a kan ƙasar Gbagyi. Yaro ya so ya rubuta ɗan Kaduna, a ce masa wannan ba ƙabila ba ce. Gwamnatin Malam Nasiru el-Rufa'i ta shelanta soke bambanci tsakanin ɗan asali da mazauni, amma ranar da yaron zai nemi aikin tarayya, takardar asalin ƙaramar hukuma za a ce ya kawo, daga garin da bai san hanyar kasuwarsa ba.

Kuma a wannan gari tambayar wane ne kai tana da tarihin jini. A rikicin Fabrairun 2000 hukumar binciken da jiha ta kafa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, wasu masu bincike suka ce sun haura haka nesa. Aka sake a Nuwamban 2002, aka sake a 2011, aka sake a Yunin 2012. Kowane karo mutane suka ɗaure kaya suka haye gada, Musulmi zuwa Tudun Wada da Rigasa, Kirista zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television da Gonin Gora, har aka riƙa kiran can Makka, nan Urushalima. Mu da muka rage a Kakuri da Makera da Nasarawa da sassan Barnawa, kowa ya san layin da iyakarsa take. A waɗancan ranaku a kan shingen hanya ake yin tambayar, kuma amsa ce ke raba mai komawa gida da wanda ba zai koma ba. Ɗalibaina ba su ga 2000 ba, amma manyansu sun tuna dokar hana fita ta Oktoban 2018 bayan kashe-kashen Kasuwan Magani, kuma kusan kowannensu an taɓa ja masa kunne a gida: kada ka faɗa wa baƙo ko kai wane ne. Na san masu suna biyu, ɗaya na unguwa, ɗaya na hayewa gada. Sai ga baƙo da takarda yana neman suna da ƙabila da addini da unguwa a shafi guda.

Ƙidayar jama'a ta 2006 kanta ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, saboda gwamnatin tarayya ta san nauyin abin. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa ƙabila da addini da lafiyar mutum cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman, ta kuma ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Sa hannun shugaban makaranta ba ya maye gurbin yardar uwa. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, duk takardar da ta haɗa sunan yaro da addininsa da unguwarsu, mu tambayi inda za ta kwana da wanda ke riƙe da makullin.

Akwai wani abu a ma'aunin Phinney na asali da nake jin takaicin ɓacewarsa. Ban da jimlolin ƙabilar mutum, akwai guda 6 da ke tambayar yadda yake ji game da cuɗanya da waɗanda ba nasa ba. An ware su daga baya domin masana sun ga wani abu ne daban suke aunawa, kuma sigar 2007 mai jimloli 6 ba ta ɗauke da su. Ta fuskar lissafi suna da hujja. Ta fuskar Kaduna, rabin da aka ajiye ya kai wanda aka riƙe muhimmanci, domin matashin da ya cika maki a son nasa yana iya zama wanda zai ɓoye maƙwabci a ɗakinsa, yana kuma iya zama wanda zai tsaya a shinge.

Ko an dawo da su ma, a garin nan aka nuna iyakar abin da baki ke faɗa. Alexandra Scacco da Shana Warren sun zaɓi samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin Kaduna masu fama da talauci da rikici. Aka ba wasunsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna amsoshinsu a takarda game da ɗaya ɓangaren ba su sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba da wani wanda sunansa ya nuna addininsa, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci. Da aka bi diddigi kuma, sai aka ga bambancin ya fito ne daga ƙaruwar fifita nasu a wurin waɗanda aka tara su kaɗai. Wannan ya kamata ya hana mu barci, domin makarantunmu da yawa a ƙetaren nan da wancan sun zama ajin addini ɗaya, ba da dokar kowa ba, sai don inda iyaye suka koma.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce, wasu sun bi ta. A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa ba su fara da fassara takardar waje ba. Sun saurari marasa lafiya da ma'aikatan jinya da masu maganin gargajiya a Harare, suka tattara yadda mutane ke faɗin damuwarsu da bakinsu, suka tace har suka fitar da tambayoyi 14 cikin harshen Shona a 1997. Da su ne daga baya Dakta Dixon Chibanda ya gina shirinsa na horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa. Takarda ta nuna mai bukata, benci yana jiransa a waje. Mu ma muna da wurin farawa. Tun 1974 Anthony Kirk-Greene ya rubuta siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, irin su amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci, kuma Bajju da Ham da Gbagyi kowa yana da nasa a bakin tsofaffinsa. A zauna da iyaye mata a Islamiyya da zumuntar mata, da masu gareji, da 'yan acaɓa, da yaran kansu, a tambaye su: yaron da kuka ce ya tsira, da me kuka gane? Daga nan a rubuta tambayoyi da Hausar da ake yi a titin nan, a karanta wa yaro da baki in ya fi so.

Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne na bencin. Duk wanda ya tambayi yaro ko yana iya jure baƙin ciki ya taɓa wani gyambo, kuma ba daidai ba ne ya zuge jaka ya tafi ya bar malamin lissafi da yarinya tana kuka a layin baya. Na ga hakan, ba sau ɗaya ba. Kafin a raba takarda, a faɗa wa yara ƙarara cewa ba jarrabawa ba ce kuma mai so ya bari ya bari. A san sunan ma'aikacin da za a kai wa wanda amsarsa ta nuna haɗari. Asibitin Barnawa yana nan kusa da mu, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin mai wannan lalura na samun kulawa. Bayan an gama, a dawo a gaya wa makaranta da iyaye abin da aka gani, da harshen da za su ji.

Abin da muka fi bukata kuwa ya fi ƙarfin takardar zango ɗaya. Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard duka a Kakuri suke, kuma a nan ake haifar 'ya'yan Musulmi da Kirista na wannan yanki. A ɗauki yaran shekara guda, da yardar iyayensu, a haɗa da takwarorinsu na Tudun Wada da Rigasa, a riƙa komawa gare su duk bayan shekara biyu. A tambayi yaro, a tambayi mai riƙonsa, a tambayi malaminsa. A rubuta lokacin da uba ya rasa aiki, da watannin da aka rufe makaranta, da wanda ya biya kuɗin jarrabawa, da ko yaron yana da aboki a ɗaya ƙetaren. Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello da likitocin Barnawa suna da masanan da za su iya. Aikin shekara 20 ne aƙalla, kuma gwamnatin jiha da asusun TETFund ne ya dace su ɗauki nauyinsa.